Shekarun da Na Ɓoye wa Maigidana Sungumi

Zuwa ga mai kula da wannan fili, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, wasu in yi dariya, wasu in ja tsaki, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Ba zan kama sunan kowa ba. Yawancin mutanen ƙasa ta rufe musu ido, wanda kuma ya fi dacewa a kama sunan nasa bai kai in ɓata tawada a kansa ba. A lokacin da nake magana, farkon shekarun saba'in, ni matar aure ce mai ƴaƴa uku a wani ƙauye tsakanin Dungas da Yekuwa. Ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, sai daga baya da aka kawo mana yaƙi da jahilci. Amma da a ce a lokacin an tambaye ni, da na rantse babu macen da ta kai ni wayo a ƙasar Damagaram. Ina da baki, ina da son a ce gidana ya fi na kowa, kuma in na kafe a kan abu babu mai sauke ni.

Maigidana tsohon sojan Faransa ne. An kai su yaƙin Aljeriya yana saurayi, ya dawo da ɓarɓashin ƙarfe a gwiwar hagu da muƙamin kofur, shi ya sa duk gari ake ce masa Kafaran. Duk wata uku yakan je Magarya ya karɓi ɗan fansiyon raunin nan, abin da bai wuce na gishiri da kananzir da goron gaisuwa ba. Ba da shi muke ci ba. Da gona muke ci, gonar gado da ke bayan rijiya, wadda shanunmu ke kwana a cikinta duk rani har ƙasarta ta yi baƙi. Yana ɗingishi, amma ranar ruwan shuka babu mai kama shi. In ya ɗauki sungumi, wato doguwar fartanyar nan da ake sarar ramin shuka a tsaye, sai ya riƙa tafiya yana sara yana waƙar sojoji, ni da yara muna bin sa da iri muna haki. Da sanyi gwiwar takan kumbura ta hana shi barci, ina jin yana juyi, amma in na tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Mutum ne mai kunyar a ga gazawarsa, kuma abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne bai taɓa sayen hatsi ba.

A kasuwar Dungas na ɗebo mana masifa. Wata mata mai sayar da daddawa ta ce mini ai akwai wani mutum a Magarya da ke ɗaukaka ƙarar mazan jiya, ya sa Nasara su ƙara musu kuɗin rauni, har su biya na shekarun baya gaba ɗaya. Tun daga ranar na hana Kafaran sakat. Da safe maganar, da dare maganar, har ya gaji ya ce to a kira shi. Sai ga mutumin a kan ɗan ƙaramin babur da muke kira mobilet, ya ɗora kwat a kan riga ƴar shara cikin zafin bazara, gumi na tsiyaya, ga tabarau da nake da yaƙinin gilashin taga ne, ga jakar fata a hammata wadda ko ban-ɗaki zai shiga ba ya ajiye ta. Tun kafin ya zauna ya ce a riƙa kiran sa Metir, haka ake kiran lauyoyi. Daga baya na ji ashe tsohon mai share zauren kotu ne da aka kora, ya tsinci kalmomin shari'a kamar yadda kaza ke tsintar tsaba. Ya ce shi wakilin wani babban lauya ne a Yamai, wanda alƙalan Faransa ke miƙewa tsaye in ya shigo. Har yau ban gamu da ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin lauyan nan da idonsa ba.

Ya sa Kafaran ya naɗe wando, ya dubi gwiwar, ya girgiza kai yana salati, ya ce wallahi an cuci bawan Allah, wannan rauni ai na manyan kuɗi ne. Ya ce ladansa kashi ɗaya cikin uku na abin da za a biya na baya, sai kuma kuɗin ɗawainiya, na tambur, wato kan sarki, da na buga waya da na mota zuwa Yamai, waɗanda su dole a riƙa ba shi tun yanzu. Ga shi kuwa a shekarar damina ta yi gardama, babu dala ko ɗaya a ajiye. Sai ya tambaya kamar da wasa, wa ke noma wa gidan? Kafaran ya buga ƙirji ya ce shi da kansa, kuma ba a taɓa taya shi ba. Metir ya cire tabarau, ya dafe kai, ya ce to ai an kashe shari'ar tun ba a haife ta ba. Ya ce Nasara na da ƴan leƙen asiri a kowace kasuwa da kowace gona, kuma duk tsohon sojan da ya ce rauni ya kassara shi, in aka gan shi da hauya sau ɗaya, ba ƙarin kawai zai rasa ba, har ɗan abin da ake ba shi za a yanke. Dole ya ajiye noma har a gama. Ku ji fa, wai Faransa ta rasa aikin yi sai ta aiko mutum ya laɓe bayan kalgo a ƙauyenmu yana leƙen mai ɗingishi. Amma muka yarda, ni ce ma na fara gyaɗa kai.

A nan ne na buɗe bakin nan nawa. Na ce tunda gonar za ta zauna babu mai noma, kuma ba mu da kuɗin ɗawainiya, me zai hana Metir ya riƙe ta jingina a madadin kuɗin, ranar da aka biya mu sai ya cire nasa ya maido mana abinmu. Ga wanda bai san jinginar gona irin tamu ba, ga yadda take: mai gona ya karɓi kuɗi ko wani abu a hannunka, ya ba ka gonar ka riƙa nomawa, duk abin da ta bayar naka ne, ba a lissafa shi cikin bashin, kuma babu ranar ƙarewa sai ranar da aka fanshe ta. Al'ada ce ta taimakon juna tsakanin maƙwabta masu jin kunyar juna. Ni kuwa na ɗauke ta na miƙa wa mutumin da ko a mafarki bai san kunya ba. Ya yi ta noƙewa, wai shi ba manomi ba ne, wai nauyi za mu ɗora masa, amma saboda darajar Madan, haka yake ce mini, zai daure. Na ji kaina ya kumbura, an ce mini Madan.

Mutum ɗaya ne ya ja da maganar, yayan maigidana, wani dattijo makiyayi mai ƙarancin magana. Ranar da aka tara shaidu a zauren mai gari, ya yi tambaya guda. Ya ce shi dai bai san shari'ar Nasara ba, amma in mutum yana cin gona muddin ba a gama shari'a ba, kuma shi ne mai tura shari'ar, to me zai sa ya yi sauri? Daga bayan zana inda nake laɓe na aika a gaya masa baƙin ciki yake yi, don ya ga ƙanensa zai yi arziki ya bar shi da bin gindin shanu. Dattijon ya ɗauki sandarsa ya fita. Ni kuwa na koma gida na yanka wa Metir zabi biyu, ya cinye har ƙashi, ya nemi a ƙulla masa sauran romon.

Daga nan aka shiga zaman jira. Metir ya kafa dokoki. Kafaran ba zai fita ba sai da sanda, ba zai lanƙwasa ƙafar a gaban mutane ba, ranar kasuwa kuma a ɗaure masa ita da katako a ɗora shi a kan jaki. Mutumin da ya yi yaƙi ya dawo da ƙafafunsa, sai ga shi ana ɗaga shi kamar buhu. Metir ya zuba ƴan ƙwadago a gonar, ya sa aka shuke ta da gyaɗa daga wannan iyaka zuwa waccan, don a lokacin gyaɗa ce kuɗi. Babu gero, babu wake, babu hutu, kuma ya hana shanu kwana a ciki wai suna tattake masa ƙasa. Ba ma ganin ƙeyarsa sai lokacin cirar gyaɗa. Ranar zai zo da amalanke, ya tsaya a kan buhuna yana ƙirgawa, sannan ya leƙo gidanmu da sabon labari. Bana dosiye, wato takardun ƙarar, ya isa Yamai. Baɗi ya ƙetare teku. Wata shekarar alƙalin ne ya tafi hutu, wata kuma tambur ɗaya ne ya ɓace. Da sojoji suka karɓi mulki har murna na gani a fuskarsa, ya ce ai yanzu komai sai an sake daga farko. Kowane labari kuma yana zuwa da ƙarin ɗawainiya da za a hau kan jinginar.

Cikin wannan hali babban fari ya same mu. Shanun da muke taƙama da su suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda bai mutu ba muka sayar da shi a kuɗin akuya. Gonarmu kuwa, da yake tana kwari kuma ta sha taki shekara da shekaru, ko a farin ba ta tashi a banza ba, sai dai ba mu ke ci ba. Na koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa don mu samu na hatsi. Kun san a ina nake sayen gyaɗar? A hannun yaron Metir, a bakin gonar mijina, tiya-tiya, har da ciniki. Harawar da nake ba ƴan awakin da suka rage ita ma saye nake. Kafaran kuma yana zaune ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, ƙafa a miƙe, yana hangen wasu suna yi wa gonar ubansa noman ganin dama. Mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba ya koma cin tuwon da matarsa ta auno. Samari suka sa masa suna mai jiran Faransa. Yana ji, na kuma lura ya daina waƙa.

Akwai safiyar da ba ta barin zuciyata. Ruwan shuka ya sauka, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya fita. Na dawo daga rijiya ban gan shi a gindin tsamiya ba. Na zagaya bayan gida, sai ga shi a ɗan filin da muke zuba toka, ya jefar da sandar, yana sara da sungumi, yana ɗingishi, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa sabuwar riga. Layi biyu ya yi. Na ajiye tulu na yi kansa, na fizge sungumin, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo ta kan darni. Na ce so yake ya zubar mana da wahalar shekaru saboda ɗan ƙaiƙayin hannu, in ɗan leƙen asiri ya gan shi fa? Ya dube ni, ya ce a hankali, uwar yara, bari in ƙarasa layin nan kawai. Na ce ko rami ɗaya. Na kai sungumin na cusa can cikin jinkar rumbu inda ba zai iya hawa ba. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, ya koma gindin tsamiya. Metir yana Magarya yana barci, ni ce ɗan sandansa a cikin gida, kuma kyauta nake yi masa aikin.

Abin da ya motsa shari'ar ba alƙali ba ne, ciwon gyaɗa ne. Shekarar da gyaɗa ta kuturce a ƙasar nan, ganye ya nannaɗe, aka tona babu ƙwaya, Metir ya yi asarar iri da kuɗin ƙwadago. Gonar ma ta riga ta gaji, baƙar ƙasar nan ta koma fara fat. Ba a rufa wata biyu ba sai ga mobilet, wai albishir, dosiyen da ya maƙale a bayan teku ya taso, ana kiran Kafaran gaban likitocin kamisiyon, wato kwamitin duba raunin sojoji, a Damagaram. Ko a nan ban farga ba, guɗa na yi.

Na raka shi. A farfajiyar da ake jira muka tarar da mazan jiya kusan cike da inuwa, wani babu yatsu, wani ido ɗaya, wani da ƙafar katako. Da aka zo gaisawa, wani tsoho daga wajen Kwaya ya riƙe hannun Kafaran bai saki ba, ya juya tafin yana dariya, ya ce kai kuwa malami ne ko ɗan kasuwa, wannan hannu haka sumul? Na dubi hannuwan sauran, duk kanta, duk faso, hannuwan manoma. Kafaran ya rage murya ya gaya masa dalili. Tsohon ya kira ƴan'uwansa su zo su ji abin mamaki. Suka ce wane ɗan leƙen asiri? Mai ƙafar katakon ya ce jiya ma daga gona ya wuce tasha. Suka ce likita rauni yake dubawa, babu ruwansa da abin da kake yi da ranarka. Suka ce su ofishin mazan jiya suka je da kansu da katinsu na soja, aka rubuta musu buƙata ba a karɓi ko dala ba, kuma babu wanda ya shekara yana jira a cikinsu. Ba mugunta suke yi ba, amma dariya ta ƙwace wa wasu. Kafaran ya janye hannuwansa ya tura cikin hannun riga, bai sake fito da su ba har aka kira shi. Likitan ya yi ƙoƙarin lanƙwasa gwiwar, ta ƙi. Ya sa tafinta ya tambaya ko tun yaushe ya daina moriyar ƙafar, ya ce irin wannan rauni motsi ne maganinsa, gaɓar ta riga ta daskare, naman cinyar ya shanye, babu abin da za a iya yi yanzu.

An yi ƙarin, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai na baya da aka biya bai kai rabin tatsuniyar da aka yi mana ba. Ranar karɓa Metir yana tsaye a bakin tagar da ake biya tun kafin a buɗe. Ya cire kashinsa ɗaya cikin uku, ya cire ɗawainiyar shekara da shekaru, har da kuɗin man mobilet na zuwa kwasar gyaɗarmu, ya miƙo mana abin da bai sayi ɗan maraƙi ba, ya ce mu gode wa Allah da ya haɗa mu da shi. Na kai ƙara gaban mai gari, na yi ta zuba. Mai gari ya bari na gama, ya ce amfanin gonar jingina na mai riƙo ne, haka aka gada, kuma a gaban shaidu aka ƙulla, sannan ya tambaye ni wa ya fara kawo shawarar. Yayan maigidana yana zaune a gefe. Bai dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aka maido mana gona, rairayi zalla, ko ciyawar kirki ba ta fitarwa. Da ruwan shuka ya sauka na hau rumbu na zaro sungumin, ƙotar ta yi ƙura, bakin ya yi tsatsa. Na wanke, na kai masa da hannu biyu. Ya karɓa, muka tafi gonar, yara na biye da iri. Ya sara rami na farko, ya ɗaga ƙafa zai taka, ƙafar ta ƙi bin sa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan fuskarsa. Muka ɗaga shi, ya kakkaɓe gemu, ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Sai ya miƙa wa babban ɗanmu sungumin, ya ce a kai shi inuwa. Ya rayu shekaru bayan haka, bai sake shuka ko rami ɗaya ba, kuma bai taɓa ce mini ke kika ja ba.

Na ji an ce Metir ya tsufa cikin rufin asiri, har ana ba shi sahun gaba a masallaci. Bai dame ni ba, can su ƙarata da Mai sama. Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman matan tsofaffin sojoji da duk mai bin wani haƙƙi a ofis, shi ne wannan. Kafin ku ba kowa ko dala, ku je ofishin da ƙafarku ku tambaya, ku nemi waɗanda suka riga ku bin hanyar ku ji ta bakinsu. In za ku ɗauki lauya, ku ga lauyan da idonku, ku san ladansa tun farko, kuma kada ku yarda da ladan da ke ƙaruwa da tsawon jiranku, domin wanda ke ci daga jinkiri ba zai taɓa gaggawa ba. Kada a ga kwat da jakar fata a raina tambayar dattijon gida. Ni na raina, kuma na san abin da na biya. Cikin duk alkawuran da Metir ya yi mana a zauren mai gari, guda ɗaya tak ya cika. Ya ce zai tabbatar wa Nasara cewa Kafaran ba ya iya noma, ya kuwa tabbatar, ni na riƙe masa ƙafar. Sungumin yana nan a ɗakina har yau, kuma duk ranar ruwan shuka sai na ji muryar Kafaran yana roƙo in bar shi ya ƙarasa layin nan kawai.